AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ko rediyon mota yana kama tauraron ɗan Adam?

Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a gidan rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko a karanta masa. A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa, dukansu daga jihar Sakkwato, don kuwa amsarsu tafe take a hanya guda.

TAMBAYA TA FARKO ta fito ne daga wani direba a Boɗinga, mai jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Jega. Ya ce ya sayi mota ƙirar Sienna ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma a jikin rediyonta akwai wani maɓalli da aka rubuta wa SAT. In ya danna shi, shiru kake ji. To, wani yaro mai gyaran wayoyin mota ya gaya masa wai rediyon tauraron ɗan Adam ne a kulle, in ya biya za a buɗe masa, ya riƙa jin tashoshin duniya garau ba ƙara. Shi ne yake tambaya, gaskiya ne? Ya biya?

TAMBAYA TA BIYU daga wani ɗan kasuwa ce a Shagari, mai fataucin albasa da gero. Ya ce yana jin labarai da tafsiri daga wayarsa a cikin a-kori-kurarsa, ta hanyar wata 'yar na'ura da ake sokawa a ramin kunna sigari. A gida maganar tana fita tas, amma a mota sai wani shuuu ya rufe ta, in ya taka totur kuma wani fito ya tashi. Da zarar ya wuce Boɗinga ya doshi Sakkwato, sai wata tasha ta faɗo masa a tsakiyar karatu. An ce masa wai laifin satalayit ne. Yana son a yi masa bayani, a kuma gaya masa magani.

AMSA: To, madalla. Matambayi ba ya ɓata. Malam direba, kafin mu je ko'ina, riƙe kuɗinka. Babu wanda zai iya buɗe maka wannan maɓalli a Boɗinga, ko a Sakkwato, ko a Legas ma. Kai kuma Alhaji na Shagari, tauraron ɗan Adam ba shi da hannu a damuwarka. Matsalar tana nan cikin motarka, tsakanin wayarka da lasifika, kuma maganinta ba shi da tsada. Ga bayanin daki-daki.

Yadda abin yake aiki

Tauraron ɗan Adam na sadarwa ana harba shi ne ya tsaya a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, saitin layin nan da ya raba duniya gida biyu. A wannan nisa yana zagaya duniya daidai da yadda ita ma take juyawa, saboda haka wanda ke ƙasa zai ga kamar a kafe yake wuri guda. Gidan rediyo ya cilla masa shiri daga ƙasa, shi kuma ya watso shi a kan yankin da aka saita masa, kamar mai haska tocila daga saman bishiya. Tafiyar nan, hawa da sauka, tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa.

Amma fa a lura da abu biyu. Na ɗaya, tocilar ba ta haska duniya duka, sai inda aka nufa da ita. Na biyu, saƙon ba ya ratsa bango ko kwano. Dole eriya ta ga sararin da tauraron yake, ido da ido. Wannan ya sha bamban da gajeren zango da muka saba da shi, wanda ke tashi sama ya dawo ƙasa ya sake tashi, har ya iske mutum a cikin ɗaki ko a ƙarƙashin rumfar kasuwa. Ta haka ne aka daɗe ana jin sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na Jamus da ya fara a 1963, a ƙauyukan da ko fitilar lantarki babu.

Maɓallin da ba namu ba

Wannan SAT da ke jikin motarka, malam direba, na wani kamfani ne na Amurka. Asali kamfanoni biyu ne: XM, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 2001, da Sirius, wanda ya biyo baya a 2002. A shekarar 2008 suka haɗe, shi ne ake kira SiriusXM. Shi ya sa a wasu motocin za ka ga an rubuta XM, a wasu SAT, a wasu kuma sunan duka. In ka duba rufin motar za ka iya ganin wata 'yar eriya mai kama da ƙayar bayan kifi, ita ce mai kamo saƙon.

Mutanen Amurka da Kanada ne ake yi wa wannan aiki, kuma biya suke yi wata-wata. Taurarin kamfanin an kafe su ne can yamma, saitin nahiyar Amurka. Daga ƙasar Sakkwato suna bayan doron duniya, watau kamar rana bayan ta faɗi. Ko ka hau dutse, ko ka sa eriya mai tsawon giginya, ba za ka gan su ba. Ashe ka ga maganar kulle ba ta ma taso ba. Ko da ka biya kamfanin da kansa, saƙon ba ya isowa nan. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka, ɗayan biyu ne: ko bai sani ba, ko ya sani yana son ya ci banza. Abin da yawanci ake yi shi ne a ɓoye wata 'yar na'urar Bluetooth ko ta katin waƙa a bayan rediyon, a ce maka an buɗe satalayit. Na'urar tana da amfaninta, amma ka saye ta da sunanta da kuɗinta.

Tun da motarka 'yar Amurka ce, ga wani abin da zai amfane ka. Rediyon da aka ƙera don Amurka, a matsakaicin zango yana tsallake ne goma-goma: 580, 590, 600. Mu kuwa a nan Afirka tara-tara ake jera tashoshi. Lambar da aka daɗe da sanin Rediyon Kaduna da ita, watau 594, irin wannan rediyo ba ya iya tsayawa a kanta daidai, sai 590 ko 600, shi ya sa za ka ji muryar ta shaƙe. A zangon FM kuma yana tsayawa ne a kan lambobin mara kawai, kamar 88.1 da 88.3 da 88.5. Rediyon lafiyarsa lau, ƙirarsa ce haka.

Mu ma an taɓa yi mana

Kada wani ya ce ai Afirka ba a taɓa tunawa da ita ba. An yi. Wani lauya haifaffen Habasha mai suna Noah Samara ya kafa kamfanin WorldSpace a Amurka a 1990, da niyyar isar da labarai da ilimi, musamman wayar da kai kan cutar ƙanjamau, ga mutanen karkara na Afirka da Asiya. A watan Oktoba na 1998 aka harba tauraronsa mai suna AfriStar, aka fara watsa shirye-shirye a 1999. Kamfanonin Japan guda huɗu, Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo, su ne suka ƙera akwatunan farko. Kowane akwati yana da wata eriya shimfiɗaɗɗa kamar marfin kwano, wadda ake fitarwa waje a fuskantar da ita sama. Daga Boɗinga ko Shagari, tauraron yana can sama sosai, ya ɗan karkata kudu maso gabas.

Waɗanda suka ji shi sun san sautinsa ya yi nisa da na gajeren zango, babu shuuu, babu dusashewa. Amma abu uku suka kayar da shi. Akwatunan farko sun haura dala 200, alhali manomi yana samun ƙaramin rediyo mai batir biyu da kuɗi kaɗan. Daga baya kuma aka sa kuɗin wata a kan tashoshi da dama. Na uku, ba a yi shi don mota ba. Mota tana kwana, tana shiga ƙarƙashin itatuwa, tana raɓa dogayen gine-gine, kuma duk lokacin da wani abu ya shiga tsakanin eriya da tauraro, magana ta yanke ɗif. A Amurka an magance wannan ne da kafa ɗaruruwan ƙananan tashoshi a cikin birane masu maimaita saƙon daga ƙasa, kuma akwatin yana ajiye maganar 'yan daƙiƙoƙi don cike giɓi. A nan ba a yi wannan ba. A watan Oktoba na 2008 kamfanin ya bayyana cewa ya karye, harkar ta durƙushe. Daga nan ba a sake samun irinsa mai yi wa motocin ƙasarmu aiki ba.

Nijeriya tana da nata tauraron sadarwa, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, amma rediyon mota ba ya kama shi. Haka nan tashoshin rediyon da wasu ke ji ta dikodar talabijin a gida, ta tauraro suke zuwa, gaskiya ne, sai dai suna bukatar farantin nan da ake kafewa a saita shi daidai. Iska ma in ta ɗan gusar da shi sai hoto ya ɗauke, balle a ɗora shi a kan mota mai gudu a hanyar Tambuwal.

Ina sauti yake lalacewa?

Yanzu sai mu dawo kanka, Alhaji. Shirin da kake ji a waya, daga dogon ƙarfen kamfanin waya mafi kusa da kai yake shigowa, ta intanet. In ka ji ya tsaya cak ya dawo, to, sabis ne ya yi rauni a wannan wuri. Amma shuuu da fito ba daga can suke ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ku masu noman rani kun fi kowa sanin wannan. Ruwan da aka jawo daga madatsar ruwa ta Shagari iri ɗaya ne, amma wanda ya bi ta tiyo yana isa kwami da tsabtarsa da ƙarfinsa, wanda kuwa ya bi ta lambatun ƙasa sai ya kwashi laka, rabi ma ya tsiyaye a hanya. Haka sauti yake. Komai kyansa daga tushe, ko daga tauraro ya fito ko daga waya, 'yar gajeruwar hanyar nan ta ƙarshe da zai bi ya shiga rediyon mota ita ce mai gyarawa ko ɓatawa.

Sauti kaɗawar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Ƙasa-ƙasa nan ne amon ganga yake, sama-sama kuwa nan ne zaƙin kukuma da ƙarar haruffa irin su "s" da "sh" da "ts". Matsakaicin zango da gajeren zango ba su cika wuce 5,000 ba, shi ya sa a cikinsu wani lokaci ba ka bambance sinun da shinun a bakin mai karatu. FM yana kaiwa 15,000. Ban da wannan, duk shirin da ya zo ta intanet ko ta tauraro, sai an matse shi tukuna don ya rage nauyi, kamar yadda ake shanya tumatir ya zama kauɗa don ya shiga buhu. In an jiƙa zai yi miya, amma bai kai ɗanye ba. Saboda haka ko a Amurka ma, jin an ce rediyon tauraro ba ya nufin sautinsa ya fi kowane. Tashar da aka matse da yawa, FM mai ƙarfi ya fi ta daɗin ji.

Hanyoyi biyar na haɗawa

Ta farko ita ce wadda kake amfani da ita, 'yar na'urar ramin sigari. Wannan ƙaramar tashar FM ce a cikin motarka. Tana karɓar magana daga waya, ta watsa ta a iska, eriyar motar da ke waje ta kamo. Ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai. A Shagari, inda tashoshi ke isowa da rauni, ita ce sarauniya. Amma da ka matso Sakkwato, inda Rima Rediyo da sauran manyan tashoshi suke, duk wadda ke kusa da lambar da ka zaɓa sai ta danne ta. Wannan ita ce tashar da ke faɗo maka. A cikin hanyoyin duka, ita ce ta baya wajen kyan sauti. In ba ka da wata, to, ranar da ka shiga Sakkwato ka tsaya ka nemi lambar da babu kowa a kanta, babu kowa kuma a maƙwabtanta, ka saita na'urar da rediyon a nan. Lambar da ta zauna lafiya a cikin birni za ta zauna lafiya a ƙauye. In motar 'yar Amurka ce, ka zaɓi lambar mara.

Ta biyu, kaset mai waya, ga masu tsofaffin motoci. Ana tura shi kamar kaset na sosai, a soka wayarsa a jikin wayar hannu. Ya fi ta farko, domin ba ya bi ta iska, babu tashar da za ta shigo masa. Abokin gabansa shi ne ƙura. In kan da ke karanta kaset ya yi datti, murya sai ta dushe. A goge shi da auduga da ɗan sifirit, musamman lokacin hunturu.

Ta uku, waya kai tsaye. Duba jikin rediyon ko kusa da giya, ko akwai ɗan rami da aka rubuta wa AUX. In akwai, ka sayi 'yar igiya mai kai biyu irin na abin sauraro na kunne, ka haɗa. Wannan ita ce tiyo. Ita ce mafi araha, kuma sautinta ya fi na biyun farko nesa ba kusa ba. Malam direba, kai ma duba motarka, sau da yawa ramin yana nan ba a kula da shi ba.

Ta huɗu, Bluetooth, in rediyon da kansa yana da shi. Ba ya shuuu, ba ya bukatar igiya, ko da yake yana ƙara matse sautin kaɗan. Ga mai jin labarai da wa'azi, ba zai ma lura ba. Amma a gane, in 'yar na'urar ramin sigari ce mai Bluetooth ɗin, har yanzu ta FM take miƙa wa rediyo, ba a tsira ba.

Ta biyar, katin waya ko filashi da ake sokawa a ramin USB. Wannan babu ruwansa da sabis, babu ruwansa da iska. Abin da aka ɗora shi za ka ji, yadda aka ɗora shi. Sai dai ba zai ba ka labaran yau ba.

Maganar fito

Fiton nan da ke tashi in ka taka totur, ya sauka in ka ɗaga ƙafa, daga altanetar mota yake, watau injin da ke cajin batir. Yana samun shiga ne idan wayarka tana caji a jikin mota a daidai lokacin da take haɗe da rediyo, ko kuma idan cajar ta banza ce. Gwajin ba wuya. Tayar da mota, kunna shirin, ka zare caja. In fiton ya ɗauke, ka kama ɓarawo. Sai ka riƙa cajin wayar kafin tafiya, ko ka canza caja mai kyau, ko ka sa a nemo maka 'yar na'urar tace ƙara da ake sawa a tsakiyar igiyar AUX. In bai ɗauke ba, ka kai wa mai rewaya ya duba baƙar wayar rediyo da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, da kan batir, da gindin eriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsatsa ko kusar da gargadar hanya ta kwance ta isa ta jawo wannan duka. In kuwa ƙarar tat-tat-tat ce mai bin bugun inji, an fi jin ta a matsakaicin zango, to, a duba fulogi da wayoyinsu.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙure ƙarar waya har ƙarshe, ko a bar ta can ƙasa a ƙure ta rediyo. Na farko yana sa murya ta fashe, na biyu yana ƙara shuuu. A sa ta waya wajen kashi uku cikin huɗu, sauran a daidaita a jikin rediyo. Kuma duk wannan saite-saite a yi shi mota tana tsaye. Ran fasinja ya fi kowane shiri.

Ga masu lissafi, jin rediyo ta intanet na awa guda, a matsakaicin kyan sauti, yana cin kusan megabait 30. Mai yini a hanya sai ya auna da aljihunsa. Har ila yau muna ba da shawara kada a yar da ƙaramin rediyon nan mai gajeren zango, don yawancin rediyon mota ba su da wannan zango. Jama'ar jihar nan ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro. A wuraren da abin ya shafa, waya ta zama kurma, rediyo mai batir ne ya ci gaba da kawo labari.

Saboda haka, malam direba, maɓallin SAT ka bar shi ya huta, kuɗin ka sa su a taya ko birki. Alhaji, fara da zare caja, sannan ka nemi ramin AUX. In motar ba ta da shi, canza rediyon da wanda ke da AUX da USB ya fi maka yawo wurin masu gyara.

Da fatan mun gamsar da ku, da sauran masu irin wannan tambaya. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta gari da sana'a, a kuma taƙaita tambaya don kowa ya samu shiga. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa, ya sa albarka a amfanin gona. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.